Hannun da Ban Sa Ba

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Daji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da duk wanda Allah ya haɗa ki da shi a saman duwatsun nan. Mu nan lafiya ƙalau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani. Likita ya ce in rage hawa bene, na ce masa to ya zo ya sauko mini da ɗakin ƙasa. Ranar Lahadi na je na duba mamanki. Hawan jinin ya sauka, amma har yanzu in an tambaye ta aikinki sai ta ce kina asibitin dabbobi, don ta gaji da bayani.

An ce waya ba ta shiga wurinku, sai motar kayan abinci da ke hawa duk mako biyu. Shi ya sa na kakkaɓe tsohuwar tafiretata. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wa manya takardu a ma'aikata, ban taɓa zaton zan buga wa 'yar gidana takardar roƙo ba.

Ga maganar. Kin dai ji ɗana, Yayanki Injiniya, ya samu aiki bayan shekara biyu yana zaune yana kallon bango. Kamfanin da ya ɗauke shi ne zai fasa titi ta cikin kwarinku zuwa wurin haƙar ma'adinai. Jiya ya shigo mini fuska a murtuke, ya ce an tsayar da komai, ana jiran rahoto daga cibiyar binciken namun daji. Rahoton ma an gama shi, sa hannun mutum ɗaya ake jira. Na ce wane marar imani ne wannan? Ya ce, "Mama, 'yarki ce."

In aikin bai tashi ba kafin ƙanƙara ta narke, sababbin ɗauka za a fara sallama, shi ne kuma na ƙarshen shiga. 'Ya'yansa uku, matarsa ga ta da tsohon ciki.

Kakanki da babana ciki ɗaya suka fito. Shekara huɗu kika yi a ɗakin baya na gidan nan kina jami'a, kina cika mini firji da kwalaben kashin dabbobi, ban taɓa ce miki kanzil ba. Ba gori nake miki ba, tuni ne. Wannan abar da kuke kira damisar ƙanƙara na ga hotonta, kyanwa ce mai ƙatuwar wutsiya. Dutse bai ƙare a duniya ba, ta koma wani. Ki sa musu hannu.

Gwaggonki

16 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya sawwaƙe gwiwar, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kafin ki taka. Na gode da duba Mama. Ni lafiyata lau, sai leɓena da ya farfashe. Ɗakuna biyu ne tashar binciken tamu, na dutse, da murhu a tsakiya. Ruwan bokiti sai an fasa shi da guduma da safe. Wannan wasiƙar ma sai da na ɗumama biro a hammata kafin ya yarda ya yi rubutu.

Na yi murna da aikin Yaya, Allah ya sani. Amma Gwaggo, ba a gaya miki abin da ke cikin takardar ba. Layi ɗaya ne ya hana ni. Cewa aka yi, a cikin shekara uku ba a ga alamar damisa ko ɗaya a kwarin nan ba.

Ni ce na yi shekara ukun. Kyamara goma sha huɗu na ɗaure a jikin duwatsu, masu ɗaukar hoto da kansu in abu ya gitta. Damisa huɗu na sani a nan, kowace da zanen jikinta, ba na rikita su kamar yadda ba kya rikita jikokinki. Uku maza. Mace ɗaya ce tak, mai tsagaggen kunne, muna ce mata Mai Tsage. Kwarin nan shi ne kaɗai mashigar da ta haɗa tsaunukan gabas da na yamma. Ta nan awakin dutse ke sauka in sanyi ya tsananta, ta nan damisun ke bin su. In aka sa nakiya da manyan motoci a tsakiya, ba wani dutsen za ta koma ba. Ƙarewa za su yi a hankali, ba wanda zai ma lura.

Daraktan cibiyarmu da kansa ya hawo makon jiya, sanye da takalmin ofis, yana santsi. Ya zauna kusa da murhu ya ce, "Ba ƙarya za ki yi ba, taƙaitawa ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, huɗu in aka taƙaita ta ba ta zama babu."

Ya ce kamfanin ne ya yi alkawarin gina mana sabon ɗakin gwaji. Na ce a gina, a sa wa a ciki?

Akwai wata hanyar, ta bakin kogi, ta fi wannan tsawo da kilomita goma sha tara. Na rubuta musu haka tun bara. Ba titi na hana ba, ba kuma abincin Yaya na taɓa ba. Ɗakinki na baya da abincinki ba zan manta da su ba har in mutu. Amma a gidan naki ne na ga kin mayar wa wani babban mutum takardarsa don ya ce ki canja kwanan wata. Ba zan sa hannu ba, Gwaggo. Ko ke kika hawo da kanki.

'Yarki,
'Yar Daji

14 ga Maris

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gwiwa, ya Mama, ya mai tsohon ciki? Mota ta hawo har sau biyu, na tsaya a bakin hanya kamar marainiya, direba ya ce babu komai nawa. Na san fushi ne. Ni dai zan ci gaba da rubutowa, in kin ga dama ki kunna risho da su.

Bari in ba ki labarin da ba ni da wanda zan ba wa. Wata biyar muna ɗana wa Mai Tsage tarko mai laushi, wanda ba ya ji wa ƙafa ciwo, don mu ɗaura mata abin wuya mai na'urar da za ta riƙa nuna mana inda take. Wata biyar tana zagaye shi, har fitsari ta taɓa yi a gefensa, kyamara ta ɗauka. Shekaranjiya da hantsi ƙararrawar tarkon ta buga. Muka hau da gudu ni da likitan dabbobinmu, numfashi kamar zai tsinke. Ga ta kwance bayan dutse, ba gurnani, ba komai, ido kawai ta zuba mana. Ya harba mata allurar barci, muka jira minti goma da suka fi wata biyar ɗin tsawo.

A ƙarshe dai, Gwaggo, na sa hannu a jikinta. Shekara uku ina kallon ta a hoto. Gashin ya shanye yatsuna har ba na ganin su, a ƙarƙashi zuciyarta na bugawa a hankali. Na yi kuka, hawayen ya daskare a kumatuna, likita ya yi kamar bai gani ba. Ya ce yadda ya ga nauyinta da nonuwanta, yana kyautata zaton ciki gare ta.

Akwai wata mata a ƙasan kwarin, Mai Tumaki muke ce mata, mijinta ya rasu, ita ke kiwo da 'yan'uwanta mata. Mai Tsage ta taɓa shiga garkenta ta kashe bakwai a tashi ɗaya, mu muka rufe mata saman garken da waya. Ran nan Mai Tumaki ta biyo mu ta tsaya a kanmu, hannu a ƙugu. Ta daɗe tana kallon damisar, sannan ta ce, "Ashe ɓarauniyar ƙarama ce." Ta tofar da yawu, amma da iska ta taso ita ta cire bargonta ta rufa mata.

Takardar Darakta kuwa tana nan a ƙarƙashin butar shayi, ta yi mini amfani.

'Yarki

27 ga Maris

'Yata ta kaina,

Alhamdu lillahi. Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Gwiwa da sauƙi, ko don farin ciki ne. Matar Yayanki ta sauka lafiya ranar Talata, mace, mai gashi kamar ke kina jaririya.

Wasiƙarki ta iso a jiƙe sharkaf. Direban ya ce buhun ne ya faɗa rafi wajen tsallakawa, ƙanƙara ta fara narkewa. Na shanya ta, na bi ta da dutsen guga, amma tawadar ta riga ta zama shuɗin ruwa. Gaisuwar na iya karantawa, da wani wuri da kika ce in kunna risho, ban gane ba. Sai layi ɗaya a tsakiya da Allah ya tsare mini shi tas: "A ƙarshe dai, Gwaggo, na sa hannu." Daga nan kuma ruwa ya cinye. Ban buƙaci sauran ba.

Na san ya yi miki wuya. Na ga kamar akwai kalmar kuka a ƙasa. Ki yi haƙuri, haka girma yake, wani lokacin mutum ya haɗiye abu don nasa su rayu.

Nan take na kira Yayanki. Ya faɗa wa ogansa, ogan ya buga wa Daraktanku waya a gabansa yana yi masa godiya. Yayanki ya ce Daraktan ya amsa masa da cewa, "E, haka ne, haka ne, gobe za a kai rahoton ma'aikata." An kuwa kai. Jiya aka fara loda katafiloli.

Ga safa biyu na ulu da man shafawa saboda leɓen. Shirun da na yi miki ki yafe mini.

Gwaggonki mai alfahari da ke

12 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya raya jaririya. Lafiyata ƙalau. Iyakar abin da zan iya ke nan na gaisuwa yau.

Ban sa hannu ba. A jikin damisa na sa hannu, Gwaggo, a jikin damisa! Layi ɗaya kika karanta, rabinsa ma, kika ɗauke shi kika kai kasuwa. Mako shida kina fushi ba ki iya aiko mini da kalma ba, amma wannan ko kwana ba ki bari ya yi ba. Ba ki tsaya kin ce anya 'yar da na sani ce ba?

Ranar da na karanta wasiƙarki na bi motar na sauka cibiya. Sakatariya ta kulle ƙofa ta nuna mini kwafin rahoton. Ga sunana a shafin ƙarshe. Ga sa hannuna a kai, raɗau.

Na shiga wurin Darakta ba sallama. Na ce wa ya sa wannan? Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ke da bakinki kika gaya wa danginki kin sa. Ni cika miki na yi, don na ga hanya ta yi miki nisa."

Na ce zan kai ƙara. Ya ce, "Wurin wa? Gwaggonki ce shaidata."

Kafin la'asar an ba ni takardar dakatarwa, wai rashin ɗa'a. Aka ce in miƙa makullan tasha da katunan kyamarori da eriyar da nake bin abin wuyan da ita. Makullai na ajiye masa a kan tebur. Sauran na ce ya hawo ya karɓa da takalminsa na ofis.

Yanzu ina gidan Mai Tumaki, ɗaki ɗaya da ita da 'yan raguna biyu marasa uwa. Daga ƙofarta ina hango katafiloli shida a bakin kwarin, an kafa shinge da maigadi.

Ga abubuwa uku na sako miki, a cikin leda wannan karon. Shafin ƙarshe na rahoton. Kwafin takardar neman hutuna ta bara, don ita ce kaɗai takarda mai sa hannuna da ke ofishinsa. Da hotuna goma sha biyu masu kwanan wata a jiki. Ba don ki yi wani abu ba. Don ki ga abin da aka yi da sunanki ne da nawa.

Safar na riƙe. Ƙafata ba ta yi fushi da ke ba.

'Yar Daji

25 ga Afrilu

'Yar Daji,

Gaisuwa. Kowa lafiya, jaririya tana tsotso, mamanki ban gaya mata komai ba tukuna. Gwiwa kuwa ban ma tuna da ita ba a makon nan.

Na karanta sau uku. Na ji kunyar da ban ji irinta ba tun ina yarinya. Ba zan cika ki da ban haƙuri ba, takarda ce za ta ƙare a banza. Na yi kuskure, na so in ga abin da nake so ne, na gan shi.

Amma ki ji. Na ɗora shafin rahoton a kan takardar hutunki, na manna su a gilashin taga da rana. Sa hannun biyu suka hau juna suka zama ɗaya, har da ɗan ɗigon da bironki ya yi a wutsiyar harafin ƙarshe. 'Yata, na ga sa hannu ya fi dubu ɗari a rayuwata. Ba ɗan Adam ɗin da ke sa hannu iri ɗaya sak sau biyu. Ɗauko shi aka yi da inji aka liƙa. Ko ƙwarewa babu a aikin. A zamaninmu wanda ya yi wannan ko masinja ba zai gaishe shi ba.

Kuma wai ni ce shaidarsa. Ni!

Na kira Yayanki na nuna masa a tagar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mama, an riga an wuce wurin. Ki bar shi."

Na ce, "Ka san da wannan?"

Ya ce bai sani ba, na kuma yarda da shi. Amma ya ce, "In kika tayar da maganar nan, ni za a fara ci. Ki zaɓa, ɗanki ko kyanwa."

Na ce masa kyanwar ba ta dame ni ba, ko yau ta faɗa rami. An saci hannun 'yata ne, aka kafa ni shaida. Ya ɗauki hularsa ya fita. Yara ma da ke zuwa mini ran Asabar ba a kawo su ba.

Na zauna na buga takardar koke da sunana, kwafi huɗu, na haɗa da hotunan. Ranar Litinin na shiga tsohuwar ma'aikatarmu, na hau bene hawa uku ina tsine wa wanda ya gina shi. A ofishin karɓar wasiƙu wani ma'aikaci mai laktaye a wuya ya ce in ajiye a kwando za a duba. Na san kwandon nan, ni na saye shi. Na ce a'a, ka buɗe rajista ka shigar, ka ba ta lamba, ka buga hatimi a kwafina da kwanan wata. Ya ce hatimin yana wurin oga. Na ce yana aljihun tebur na biyu a hagu, bayan kwalin fil. Ya buɗe baki yana kallona. Na ja kujera na zauna, na fito da carbina, na ce ba inda za ni, fansho gare ni, lokaci ba ya yi mini wuya. Ƙarfe biyu saura ya buga.

Takardar da ke da lamba ba ta ɓacewa, sai dai wani ya amsa tambaya a kanta. Sauran kwafin na kai wa kwamitin da ke ba da izinin manyan ayyuka, da ofishin binciken ma'aikata. Ɗaya na ƙarƙashin katifata.

Kada ki ba kowa katunan nan. Kada ki sauko.

Gwaggo

22 ga Mayu

Gwaggona,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Ya jiki bayan benen nan? Ki yafe mini kaushin harshen da na yi miki. Na karanta wa Mai Tumaki labarin hatimin, ta yi dariya har ta shaƙe, ta ce in gaishe da tsohuwar. Na yi jinkirin amsa ne don mutanen kamfani sun hana motar abinci wuce shinge, sai da na samu mai sauka da jaki.

Tun farkon watan nan eriya ke nuna mini Mai Tsage a wuri ɗaya, wani kogo a saman ƙaton dutsen da ya tsaya a maƙogwaron kwarin. Takan fita ta dawo, ta fita ta dawo. Damisa ba ta yin haka sai ta haihu. Dutsen nan kuwa shi suka shafa wa jan fenti, shi za a fara fasawa.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe suka zo da masu nakiya. Suka tarar da mu zaune a gindinsa, ni da Mai Tumaki da 'yan'uwanta huɗu, da butar shayi da ulun da suke kaɗi. Kada ki ɗauka son damisa ne ya kawo su. Idon ruwan da tumakinsu ke sha daga ƙarƙashin dutsen yake fitowa, ba wanda ya tambaye su.

Wanda ya sauko daga mota da hular kwano, Yaya ne. Rabona da shi shekara biyu. Ya rame. Na gaishe shi, bai amsa ba.

Ya ce, "Tashi."

Na ce, "Yaya, akwai 'ya'ya a sama."

Ya ce, "Ni ma akwai 'ya'ya a gida, huɗu. Kin raba ni da uwata, bai ishe ki ba?"

Ban tashi ba.

Ogansa ya yi ta ihu ta rediyon hannu, muna ji, wai a sa masu gadi su kwashe mu. Yaya ya saurara har ya gama. Sannan ya ce, "Oga, doka ta ce ba a tayar da nakiya da mutum a kusa. Ni injiniya ne. Jan mata a ƙasa ba ya cikin takardar ɗaukata." Ya kashe rediyon, ya rubuta wani abu a littafin aiki, ya koma mota ya zauna. Ko kallona bai sake yi ba.

Kwana uku muna haka. Mu zo da sassafe, su zo su same mu, shi ya zauna a mota. Rana ta biyu aka yi ruwa da ƙanƙara, muka jiƙe har ƙashi. Wani ma'aikaci ya kawo mana tamfol ya ce a mota ya tsinta. Na san wanda ya ce ya tsinta.

Rana ta huɗu takarda ta zo daga kwamiti, a dakata da komai sai an saurari koke. Lambarki ce a samanta, Gwaggo.

Sun kira ni zama ranar goma ga Yuni. Ba zan je ba. In na fita shingen nan ba za su bar ni in dawo ba, kuma takardar dakatarwa ba ta hana mutum tayar da nakiya ya ce kuskure ne. Ga takardar wakilci na rubuta da sunanki, na sa hannu a gaban shaidu biyu, da hannuna na gaskiya. Ga kwafin duk abin da ke katunan. Ga kuma hoton da kyamara ta tara ta ɗauka shekaranjiya: ita ce, ta ɗauko ɗa a baki tana canja masa wuri. Biyu na ƙirga.

'Yarki har abada

12 ga Yuni

'Yar Daji,

Gaisuwa da fatan kina cin abinci. Mamanki ta ji komai, ta yi kuka, ta gama, yanzu kuma duk wanda ya shigo sai ta nuna masa hoton kyanwar da ɗanta. Gwiwa ta kumbura, na kuma san dalili.

Na je. Dogon tebur, mutum bakwai, ruwan roba a gaban kowa. Daraktanku na gefe da lauya, lauyan kamfani na ɗaya gefen. Ni kaɗai da jakata.

Lauyan Darakta ya miƙe ya ce, wannan baiwar Allah ba masaniyar dabbobi ba ce, ba lauya ba ce, a wane matsayi take magana? Shugaban kwamitin ya ce in amsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a matsayin shaidarsa. Shi ya kafa ni. To ga ni na zo."

Na nemi a buɗe labule. Na manna takardun biyu a gilashi, na ce kowa ya taso. Suka taso ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta. Wata mata a cikinsu ta cire tabarau ta mayar, ta ce, "Har ɗigon." Darakta ya ce sakatariya ce ta yi. Sakatariyar kuwa tana zaune a baya, ban ma san ta zo ba. Ta miƙe ta ce, "Ni na liƙa, shi ya tsaya a kaina." Ba ta zauna ba sai da aka rubuta.

Ga abin da aka yanke, ba zan ƙara masa gishiri ba. An jefar da rahoton. An tura maganar Darakta ofishin bincike, yana hutun dole. Ba za a taɓa dutsen ba har shekara ɗaya, wasu masana daga waje za su zo su sake ƙirgawa. Titin ba a soke shi ba. Ke kuma ba a mayar da ke ba, wai riƙe kayan cibiya laifi ne daban. Na ce za mu dawo a kan wannan. Shugaban ya ce ya ga alama.

Yayanki an sallame shi tun ranar da ya sauko. Duk tsawon lokacin nan bai zo ba. Shekaranjiya da yamma sai ga shi da yaran duka, da wata doguwar takarda a naɗe. Bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban ce ba. Ya kwashe kwanukana daga teburin cin abinci ya shimfiɗa ta, ya danne kusurwoyin da kofuna. Tun jiya a tsaye nake cin abinci. Ya ce in bar masa wuri a ƙasan wasiƙar nan.

Gwaggonki

Ƙanwata,

Ban huce ba, kada ki yi zaton na huce. Ba don ke ba ne, ba kuma don dabbarki ba. Na duba hanyar bakin kogin ne na ga wanda ya auna ta bai taɓa taka wurin ba. Da gada ɗaya a inda kogin ya tsuke, rabin ƙarin tsawon ya tafi. Zan kai wa kwamitin da kaina, da sunana, su ce ba daidai ba ne in sun isa.

Ki aiko mini da taswirar duk inda take bi, wata-wata, da inda awakin ke sauka, da idon ruwan matan nan. Ki auna da kyau. In na zana titina ya bi ta ƙofar wani kogon da kika manta ba ki sa ba, ke za ki zo ki yi wa Mama bayani, ba ni ba.

Yayanki